Kuloci ko Otomatik: Da Wace Mota Ya Kamata Ɗan Koyo Ya Fara?

Gabatarwa

Duk lokacin da aka gama zaɓe aka raba muƙamai, akan ji waɗanda aka bari a baya suna kukan cewa sun tura mota, ta tashi, ta bule su da ƙura. Wannan magana ta zauna daram a bakin Hausawa, har ba a tsayawa tambayar wace irin mota ce ake turawa ta tashi. Amsar kuwa ita ce mota mai kuloci, wadda direbobi ke kira manuwal. Ita ce idan batir ya yi sanyi, sai direba ya sa giya ta biyu, ya danne kuloci, majiya ƙarfi su tura, ya saki ƙafa, injin ya kama. Motocin otomatik da ke yawo a titunan yau ba su tashi da turi. Idan batirinsu ya mutu, sai dai a kawo wani ko a jawo musu wuta daga wata motar. Ke nan akwai matasan da za su ci gaba da furta wannan magana ba tare da sun taɓa ganin abin da ta siffanta ba.

Wannan ɗan misali ya isa ya nuna cewa muhawarar da ake yi a gidaje da makarantun koyon tuƙi, a kan ko ɗan koyo ya fara da mai kuloci ko da otomatik, ta shafi abin da ya fi son rai girma. Ta shafi rayukan da ke kan hanya, da abincin dubban matasan da tuƙi ne sana'arsu, da kuma wani rukuni na kalmomin Hausa da ya ginu a tasha da gareji. Matsayin wannan maƙala shi ne, a halin da ƙasar Hausa take ciki yau, wanda lafiyarsa ta ba shi dama ya kamata ya koyi mota mai kuloci, amma bisa tsarin da ya raba koyon sarrafa mota da koyon zama da jama'a a kan titi.

Abin da ƙafar hagu ke yi

Injin mota ba ya iya tsayawa cak kuma ya ci gaba da aiki. Dole ya riƙa juyawa ko da motar na tsaye. Saboda haka ana bukatar wani abu da zai raba injin da tayoyi idan an tsaya, ya kuma haɗa su sannu a hankali idan za a tashi. A mota mai giyar hannu, kuloci ne ke wannan aiki. Faifai ne da ake matse shi a jikin wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da injin. Idan direba ya danna ƙafar hagu, faifan ya saki, injin ya rabu da giya. Idan ya ɗaga ƙafar, faifan ya soma kamawa. Duk wahalar ɗan koyo tana tattare a wannan 'yar gaɓa da faifan ke fara kamawa: ya yi garaje, mota ta yi tsalle ta mutu; ya daɗe a kai yana ba da wuta, faifan ya ƙone, wari ya tashi.

A otomatik irin wadda aka fi sani, an maye gurbin faifan da wani tulu mai cike da mai, wanda ke ɗauke da abin da ya yi kama da fanka biyu masu fuskantar juna. Ɗaya na juyawa da injin tana watsa man, man kuma ya juya ɗayar. Da yake ruwan mai ne ya haɗa su, motar na iya tsayawa injin na aiki ba tare da ya mutu ba. Zaɓen giya kuma na'ura ce ke yin sa, gwargwadon gudun mota da yadda aka taka totur. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da irin wannan giya da yawa, a motocin Oldsmobile samfurin 1940, da sunan Hydra-Matic. Tun daga lokacin Amurkawa suka rungume ta, har ta kai a yau sabbin motoci masu kuloci da ake sayarwa a can ba su taka kara sun karya ba. Turai kuwa ta daɗe tana riƙe da kuloci, saboda tsadar mai da ƙananan injuna.

Yadda kowace ta shigo ƙasar Hausa

Tuƙi a ƙasar Hausa da kuloci ya tashi. Manyan motocin da suka yi jigilar gyaɗa da auduga, da Fijo 404 da 504 da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta riƙa harhaɗawa bayan ta fara aiki a 1975, da a-kori-kura, da bas-bas na haya, kusan dukkansu masu giyar hannu ne. Hanyar koyon ma ta gargajiya ce, irin ta kowace sana'a. Yaro yakan fara da zama karen mota: ya wanke mota, ya ɗaure kaya, ya duba ruwa da baƙin mai, ya diro da gudu ya sa waji a bayan taya idan an tsaya a kan tudu. Sai ya yi shekaru yana kallon ƙafar maigidansa yana sauraron kukan injin kafin a ba shi dama ya matsar da mota a cikin tasha. Wannan rayuwa ce marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi wa shahararriyar waƙarsa ta Karen Mota.

Otomatik ta yawaita ne ta hanyar motocin hannu da ake shigowa da su, waɗanda Hausawa suka laƙaba wa sunan Kwatano saboda tashar ruwan da suka riƙa biyowa. Muddin daga Turai ake kawo su, galibinsu masu kuloci ne. Da kasuwar ta karkata zuwa Amurka, sai Camry da Corolla da Accord masu otomatik suka cika gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa. Sakamakon haka hanyoyin ƙasar Hausa suka kasu gida biyu. Motar gida ta koma otomatik, motar neman abinci kuwa, daga Golf da Sharon da Hayis na tasha zuwa tifa da tanka da tirela, har da Adaidaita Sahu mai kuloci a hannun hagu, ta ci gaba da zama mai giyar hannu. Duk wata shawara da za a bai wa ɗan koyo dole ta yi la'akari da wannan rabuwa.

Hujjar masu otomatik

Adalci ne a fara da hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren da wannan maƙala ba ta goya wa baya ba. Masana halayyar ɗan Adam Paul Fitts da Michael Posner sun bayyana a 1967 cewa koyon duk wata gwaninta ta gaɓoɓi yana bin matakai uku: matakin da mai koyo ke tunanin kowane motsi, da matakin da yake haɗa motsin yana rage kurakurai, da matakin da aikin ke zama jiki ba sai an yi tunani ba. Ɗan koyon da ke matakin farko hankalinsa na kan ƙafarsa da hannunsa, kuma hankalin da ya tafi can an ɗebe shi ne daga titi. An gwada wannan a aikace. A wani bincike da David Shinar da abokan aikinsa suka wallafa a 1998, an gano cewa sabbin direbobi sun fi kasa lura da alamomin hanya idan suna tuƙa mota mai kuloci fiye da idan suna tuƙa otomatik, alhali a wajen gogaggun direbobi babu wani bambanci.

Wannan sakamako abin dubawa ne ga duk wanda ya san yadda titunan Sabon Gari ko Kantin Kwari suke da yamma, inda mai Adaidaita Sahu da mai baro da mai tafiya a ƙasa ke rububin taku ɗaya. Sabon direban da ke fargabar kada mota ta mutu masa a tsakiyar mahaɗa ba shi da ragowar nutsuwar da zai ga yaron da ya tsallako.

Akwai kuma waɗanda otomatik ce ta buɗe musu ƙofar tuƙi gaba ɗaya. An tabbatar da kawar da ƙwayar cutar shan-inna ta daji daga Nijeriya a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa wa ƙafa suna nan da yawa a Kano da maƙwabtanta. Haka tsofaffi masu ciwon gwiwa, da waɗanda haɗari ya raunata. Saboda haka ba'ar da ake yi a majalisu, cewa otomatik motar mata ce ko motar ragwaye, magana ce marar tushe da ya kamata a daina. Matan da suka tuƙa Fijo da Bitil shekaru aru-aru kafin otomatik ta yawaita sun isa shaida. Ita ma tsohuwar hujjar cewa otomatik ta fi shan mai ta yi rauni. Gaskiya ce a kan tsofaffin masu giya huɗu, amma sababbin masu giya shida zuwa sama suna kamo mai kuloci, wani lokaci ma su wuce ta.

Dalilin da ya sa kuloci ya fi cancanta duk da haka

Dalili na farko shi ne gwanintar hanya ɗaya take bi. Wanda ya iya mai kuloci yakan saba da otomatik cikin yini ɗaya. Abin da kawai zai kiyaye shi ne ya ajiye ƙafar hagu gefe, kada ta kai wa birki duka da zaton kuloci ne. Wanda ya iya otomatik kaɗai kuwa, idan aka miƙa masa makullin mai kuloci, ya koma ɗan koyo. A ƙasar da motar unguwa ɗaya ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, kuma ba a zaɓar wace iri ce, wannan bambanci yana iya zama na rai da mutuwa.

Dalili na biyu shi ne abinci. Matashin da ya biya kuɗin makarantar tuƙi da niyyar samun aiki, aka koya masa otomatik kaɗai, an rufe masa ƙofar tasha, da ta kamfanonin dakon kaya, da ta ma'aikatu da ƙungiyoyin da ke shiga karkara da Hilux. Gaskiya ne sababbin manyan motoci a Turai sun koma masu canza giya da kansu, amma tsofaffin DAF da MAN da kuma Howo na ƙasar Sin da ke bin hanyar Kano zuwa Legas galibinsu da hannu ake sa musu giya, kuma za su daɗe a kan hanya.

Dalili na uku shi ne gyara. Faifan kuloci abu ne da kusan kowane bakanike a kowane gari zai iya saukewa ya canza, kuma ana samun sa a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba tare da wahala ba. Giyar otomatik kuwa tana bukatar man da ya dace da ita daidai, da na'urar gano matsala, da gwani na musamman. Sau da yawa idan ta lalace ba a gyara ta, sai dai a sayo wata ta Kwatano a ɗora. Ga mai ƙaramin ƙarfi, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya, wannan lissafi ba ƙarami ba ne.

Dalili na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne fahimta. Mai koyon kuloci dole ya san abin da giya take yi, domin motar ba za ta yafe masa jahilci ba. Yakan gane da jikinsa cewa ƙaramar giya tana ba da ƙarfi, babba tana ba da gudu, kuma ƙaramar giya tana riƙe mota a gangare ko ba a taka birki ba. Wannan sani ne ke tsare rai a wurare irin su Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko gangaren tsaunin Mambila. Direban da ya dogara da birki kaɗai a doguwar gangara yana ɗumama shi har ya daina kamawa. Otomatik ma tana da ƙananan giyoyin da aka tanada don wannan aiki, waɗanda aka yi wa alama da L ko 2, amma wanda aka koya wa cewa tuƙi shi ne a sa D a taka totur, sau da yawa bai san amfaninsu ba har ya sayar da motar.

Sai dai kuloci shi kaɗai ba ya mai da mutum direban kirki. Mummunar ɗabi'ar nan ta sakin mota a firi a kan gangara don a rage shan mai, wadda ke raba direba da taimakon injin a lokacin da ya fi bukatarsa, a wajen gwanayen kuloci aka fi ganin ta. Haka gudun wuce sa'a da lodin da ya wuce kima. Ƙwarewar ƙafa daban, tarbiyyar hanya daban.

Tsarin da ya kamata a bi

Idan aka lura da kyau, binciken Shinar bai ce kada a koyi kuloci ba. Abin da ya nuna shi ne haɗarin ɗora wa sabon direba kaya biyu a lokaci guda. Maganin kuwa tsohon tsarin tasha ya riga ya san shi, domin ba a taɓa sakin karen mota a babban titi ranar da ya fara taɓa sitiyari ba. Ya kamata makarantun tuƙi su raba karatun gida biyu. A matakin farko a tsare ɗan koyo a fili, babu mota babu mutum, ya yi ta tashi da tsayawa da ribas da tashi a kan tudu da birkin hannu, har ƙafarsa ta daina neman izinin ƙwaƙwalwarsa. Sannan a fita da shi titi, inda duk hankalinsa zai koma kan madubi da alamomi da masu tafiya a ƙasa. Makarantar da ke da motoci iri biyu tana iya juya tsarin, ta fara koyar da dokokin hanya da otomatik, sannan ta koma fili don kuloci. Abin da bai dace ba shi ne a ba mutum takardar kammalawa bai taɓa taka kuloci ba, kuma takardar ba ta faɗi haka ba.

A nan ne gibin doka yake. Azuzuwan lasisin tuƙi a Nijeriya an gina su ne a kan nau'in abin hawa da nauyinsa da aikin da yake yi, ba a kan irin giyarsa ba. Wanda aka jarraba da otomatik yana fita da lasisin da ya halatta masa hawa mai kuloci washegari. A Ingila ba haka abin yake ba: wanda ya ci jarrabawa da otomatik, otomatik kaɗai lasisinsa ya ba shi damar tuƙawa. Faransa ta sa mafi ƙarancin darasi awa 20 ga mai kuloci da awa 13 ga otomatik, sannan mai lasisin otomatik ya ƙara horon awa 7 idan yana son a cire masa takunkumin. Jamus kuma tun daga Afrilun 2021 ta yarda a yi jarrabawa da otomatik a sami cikakken lasisi, bisa sharaɗin an yi darussa aƙalla 10 da mai kuloci, malami ya shaida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 kuma take tantance makarantun tuƙi, tare da jami'an duba ababen hawa na jihohi da ke yin jarrabawa, suna da ikon ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi. Yin hakan zai kare mai ɗaukar direba aiki, ya kuma kare fasinjan da ba shi da hanyar sanin abin da direbansa ya iya.

Rabon masu nazarin Hausa

Tasha da gareji suna cikin wuraren da Hausa ta fi nuna ƙarfinta na hora baƙuwar kalma. Kuloci da birki da sitiyari da fulogi duk sun nuna yadda harshen ke raba baƙaƙen da suka cunkushe ta hanyar saƙa wasali, ya kuma rufe kalma da wasali. Kalmar bakanike ta fi su ban sha'awa, domin Hausawa sun ɗauki gaɓarta ta farko a matsayin ɗafa-goshin nan na Bakano da Bakatsine, suka yi mata jam'i kanikawa, tamkar wata al'umma mai garinta. A Jamhuriyar Nijar kuma aron ya biyo ta Faransanci, inda ake jin permi a maimakon lasisi, da buji a maimakon fulogi. Daga nan kalmomin suka tsallaka cikin maganar yau da kullum: a taka wa azzalumi birki, mai alkawari ya yi ribas, magoya baya su tura mota.

Ƙamusoshin da ake da su, daga na Bargery na 1934 zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da na Paul Newman na 2007, ƙamusoshi ne na gama-gari, ba a yi su don su ƙure kalmomin sana'a guda ba. Yadda tsohon direba ke siffanta kukan injin da ke neman a canza masa giya, da kalmomin da maigida ke tsawata wa yaronsa da su, da sunayen da kanikawa suka raɗa wa sassan giya, mafi yawansu a baka suke. Otomatik kuwa ta zo da haruffanta na P da R da N da D, kuma har yanzu da sunayensu na Ingilishi ake koyar da su. Motocin lantarki da ke tafe galibinsu ba su da giyar da ake canzawa sam. Idan ba a shiga tashoshi da rikoda ba tun masu wannan ilimi suna raye, za a wayi gari ana neman ma'anar waji a tsofaffin waƙoƙi. Aiki ne da ya dace da kundin digiri, kuma amfaninsa bai tsaya a laburare ba: littafin koyon tuƙi da aka rubuta da Hausar da direbobi ke ji, ba fassarar da aka yi a ofis ba, zai isa ga ɗimbin masu tuƙin da ba su karanta Ingilishi.

Kammalawa

Zamani riga ne, kuma babu shakka ranar da kuloci zai zama tarihi tana zuwa, kamar yadda hannun tayar da injin da ake murzawa a gaban mota ya zama. Amma ba a yi wa ɗan koyo shiri don titin da babu shi tukuna. Titin da zai hau gobe cike yake da motoci masu giyar hannu, aikin da zai nema yana bukatar su, gangaren da zai sauka kuma yana bukatar direban da ya san abin da giya take yi. Don haka mai lafiyar ƙafa ya koyi kuloci a fili kafin ya fita titi, wanda lalura ta hana shi ya koyi otomatik ba tare da an yi masa gori ba, hukuma ta rubuta a lasisin kowa abin da aka jarraba shi a kai, masu nazarin harshe kuma su tattara kalmomin tasha tun masu su na nan da za a tambaya.